Amsa ga mai tambayar asibitin ido don Baba

Ɗan'uwa, ka ce ganin Baba yana dushewa, har 'yan'uwa na shawarar a kai shi Indiya. Allah ya ba shi lafiya.

Gaskiya Indiya na da manyan cibiyoyi, irin su Aravind da ke Madurai, wadda aka kafa a 1976, da L V Prasad a Haidarabad. A Landan kuma akwai Moorfields, tun 1805. Amma kada ka soma da neman biza.

Ka fara kai shi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) a nan Sakkwato, a auna masa ƙarfin ruwan cikin ido, a leƙa jijiyar gani. Idan yanar ido ce, da sauƙi: a cire ta, a sa sabon gilashi a ciki, gani ya dawo. Glakoma, wato cutar hawan ƙarfin ruwan ido, ita ce abin tsoro, domin tana cin jijiya a hankali, galibi ba zafi, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Kowane wata na jira asara ne.

In aikin ya fi ƙarfinsu, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. Don Allah, kada a bari mai aikin gargajiya ya tura masa yanar da allura.