Hoton yaran bakin Matan Fada

Yaya, ka tambaye ni dalilin da ya sa ɗiyarka ta tare baƙon nan a bakin kogin Matan Fada, ta hana shi ɗaukar hoton yaran da ke wanka tsirara, har ka ce ko zaman Landan ne ya cire mata kunyar baƙo. Wallahi ba haka ba ne, mu muka koya mata.

Ku a Argungu kowa ya san asalinku, hoto ba ya rage muku komai. Mu nan hoto ke riga mu isa wuri. Tana 'yar shekara tara ta dawo daga makaranta ido jawur. An nuna musu yaro da ƙuda a baki an ce ga Afirka, wata ta tambaye ta ko a garinmu ana sa takalmi. Ranar ban yi barci ba.

Abin kuma ya daɗe. Tun zamanin mulkin mallaka Turawa ke buga hotunan mutanenmu a katin wasiƙa, ba suna, ba izini, sai dai a rubuta ƙabila. Finafinansu suka ɗora daga nan: Bature jarumi, baƙin mutum ɗan dako. Mujallar National Geographic da kanta ta amsa a 2018 cewa ta shekara da shekaru tana nuna wariyar launin fata.

Shi ya sa Hausawan nan muke da tsarinmu. Suna ko biki ko Sallah, namu ke riƙe kyamara, kuma ba a sakin hoton ɗan kowa sai uwarsa ta yarda. Muna kai yara su ga aikin Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948. Mutum ne ke zaɓar tufarsa, ya tsaya kusa da rediyo ko babur, ya dubi kyamara ido cikin ido. Na kai ta unguwar Greenwich a nan Landan ta ga samfurin jirgin yaƙin Nelson, tsohon kwamandan sojan ruwan Ingila, da Yinka Shonibare, mai fasaha ɗan asalin Najeriya, ya sa cikin kwalba, filafilansa duk atamfa. Ta daɗe tsaye, sannan ta ce, "Baba, irin zanen Inna ne."

Don Allah ka nemo min hoton marigayi Baba da babbar riga da rawani, wanda ke rataye a ɗakin Inna. A falo nake so in kafa shi.