Yadda kwamfuta za ta gano lokutan da ƙanƙara ke ɓata bango

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Maradi. Malamin da ke duba aikina ya ba ni bayanan da manhajar WUFI, mai lissafin yadda zafi da danshi ke ratsa bango, ta fitar kan bangon bulo na wani gini a Kanada: yanayin zafin bangon da danshinsa, awa bayan awa, na shekara 10. Yana so in gano lokutan da daskarewar ruwa da narkewarsa za su iya yi wa bangon illa. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara ɗaya awa 8760 ce, ka ga layukanka sun haura 87,000, ido ba zai iya binsu ba. Ka adana bayanan a fayil ɗin CSV, wato fayil mai jera bayanai layi-layi kamar tebur, ka buɗe shi da Python, harshen rubuta wa kwamfuta umarni, da pandas, kayan aikinsa na sarrafa irin waɗannan bayanai.

Amma kafin ka rubuta komai, ka fahimci abin da ke fasa bulon, tunda mu a nan ko a tsakiyar hunturu ba ma ganin haka. Idan ruwa ya daskare, girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. In ƙananan ramukan bulon ba su cika da ruwa ba, ƙanƙarar na samun wurin buɗawa, babu ɓarna. Sai danshi ya wuce iyakar da wannan bulon ke iya ɗauka sannan yake tsagewa. Don haka umarnin da za ka rubuta wa kwamfutar ya duba sharaɗi biyu a awa guda: sanyi ya kai, danshi kuma ya haura iyaka. Adadin iyakar daga gwajin bulon ake samunsa, ka nema wurin malaminka.

Inda akasari ake kuskure shi ne ƙirga duk lokacin da ma'aunin zafi na Celsius ya ratsa sifili. Yana iya yin sama da ƙasa a kusa da sifili sau da yawa a dare ɗaya, sai lissafi ya kumbura a banza. Ga shi kuma ruwan da ke cikin ƙananan ramuka sai ƙasa da sifili yake daskarewa, shi ya sa wasu masu bincike ke ɗaukar digiri 5 ƙasa da sifili. Ka ajiye alama ɗaya a cikin rubutun: a kunna ta idan sharuɗɗan biyu sun cika, kada a kashe ta sai zafi ya koma sama da sifili. A nan ne za ka ƙirga zagaye ɗaya, ka rubuta ranarsa da awarsa.

Ka fara gwadawa da bayanan mako guda na watan Janairu, ka ƙirga da hannu, ka ga ko ya zo daidai da na kwamfutar.