Zan iya mayar da tankin kifina kan ruwan RO?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tankin kifin ado mai lita 100, kuma ruwan famfonmu yana barin farin dabbare a jikin gilashi. Na sayi na'urar tace ruwa ta RO (reverse osmosis). In zubar da tsohon ruwan in cika da sabon?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka yi haka. Na'urar RO tana tsame kusan dukkan ma'adinan ruwa, har da kalsiyam da maganiziyam da kabonet. Jikin kifi ya saba da ruwan da yake ciki, canji dare ɗaya yana iya kashe shi. Kabonet kuwa shi ke riƙe ma'aunin tsami, wato pH. In babu shi, tsami sai ya hau kwatsam, ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye ammoniya a matata su raunana.

Bi a hankali. Kowane mako ka kwashe lita 10 zuwa 15, ka mayar da gaurayen RO da ruwan famfo, rabi da rabi, bayan ka kashe kulorin ɗin na famfon kuma ɗuminsu ya zo ɗaya da na tanki. Riƙa auna GH (yawan kalsiyam da maganiziyam a ruwa) da KH (yawan kabonet), kada KH ya sauka ƙasa da digiri 3. In RO zalla kake so, dole ka narka gishirin ma'adinai irin Seachem Equilibrium a bokiti tukuna, ka haɗa da abin ɗaga KH, domin Equilibrium ɗin GH kaɗai yake ƙarawa.

Ka duba irin kifinka ma. Diskus da tetra suna son ruwa mai ƙarancin ma'adinai, gufi da moli kuwa sun fi lafiya a mai yawansa. Ruwan da zafi ya ƙafar, cike gurbinsa da RO zalla, tunda ma'adinansa suna nan cikin tanki.