Hukuncin Wanda Ya Buɗe Sabar Bidiyo Ta Kashin Kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kafa sabar bidiyo tawa, wato kwamfutar da ke adana bidiyo a intanet, da manhajar PeerTube don adana karatuttukan malamai. Yanzu jama'a na ɗora nasu, bidiyon wasu sabobi kuma na bayyana a tawa, wasu ba su dace ba. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, asalin aikin halas ne, har da lada idan niyya ta yi kyau. PeerTube, wadda ƙungiyar Framasoft ta Faransa ta fitar a 2018, kayan aiki ce, hukuncinta yana bin abin da aka yi da ita.

Sai dai a manyan dandali kamfani ke tacewa, a nan kuwa kai ne mai gida, kai ne mai gadi. Annabi (SAW) ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi game da kiwonsa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Bidiyon wata saba a galibi ba ya cika shafinka sai ka bi ta, wato ka haɗa sabarka da ita don karɓar bidiyonta. Idan ka san tana yaɗa alfasha ka ci gaba da bin ta, ka faɗa cikin taimakekeniya a kan zunubi, wanda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana. Abin da ya kutso ba da saninka ba, ka cire shi da ka gani, babu laifi a kanka. Manhajar tana ba ka damar tsare sabon bidiyo sai an duba shi. Idan ba ka da masu dubawa, rufe rajista ya zama wajibi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi damuna. Mai kallo a PeerTube na'urarsa tana tura gutsattsarin bidiyon ga sauran masu kallo. Datarsa na iya ƙonewa, adireshinsa na intanet kuma yana iya bayyana gare su. Dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa, don haka ka sanar da su a fili, ka nuna musu inda ake kashe wannan tsari.

Karatuttukan da aka ɗora amana ce. Faifai yana lalacewa, kuɗin hayar saba yana yankewa. Ka ajiye kwafi a wani wuri dabam, in ba za ka iya ba ka gaya wa masu su tun yanzu. Wallahu a'alam.