Shin In Zuba Jarina Duka a Shinkafar Indiya?

Wani Alhaji da ke shigo da shinkafa ta tashar jiragen ruwa ta Lome ya aiko da tambaya cewa wani kamfani a Indiya ya yi masa tayin farashi mai sauƙi, da sharaɗin ya biya kuɗin kayan shekara guda tun kafin a yi lodi. Yana so ya san ko ya amince.

Alhaji, shawarata ita ce kada ka amince da wannan sharaɗi, ko da kamfanin mai gaskiya ne, domin gwamnatin Indiya ce ke da ta cewa kan fitar shinkafa daga ƙasar. Indiya ke fitar da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake cinikinta a duniya, amma duk lokacin da damina ta yi gardama ko abinci ya yi tsada a gida, musamman idan zaɓe ya ƙarato, cikin talakawanta take fara dubawa. A watan Satumba na 2022 ta hana fitar da tsakin shinkafa, a watan Yuli na 2023 ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba (basmati ita ce doguwar shinkafa mai ƙamshi), sannan a watan Agusta ta ɗora harajin kashi 20 kan turararriyar shinkafa, wadda ita ce kasuwanninmu suka fi saye. Sanarwar Yuli ta fara aiki nan take, har kaya suka maƙale a tashoshin ruwa alhali kuɗin masu su na hannun dillalai, farashin shinkafar Tailan kuma ya haura dala 600 kan kowane tan. Sai a watannin Satumba da Oktoba na 2024 aka janye yawancin matakan.

Saboda haka ka raba cinikin kashi-kashi, ka biya ta takardar lamunin banki, wadda ba a sakin kuɗi sai an gabatar da takardun lodi, kuma a rubuta ƙarara a yarjejeniya cewa idan gwamnati ta hana fitarwa ko ta ƙara haraji, za a mayar maka da kafin alƙalaminka cikin kwanakin da kuka ƙayyade. Wannan sakin layi ne 'yan kasuwa suka fi sakaci da shi, ni kuwa shi nake fara nema.

Ka kuma ƙulla hulɗa da wani mai sayarwa a Pakistan ko Tailan tun yanzu, ko da buhunsa ya ɗan fi tsada, sannan ka riƙa bin labarin daminar Indiya daga Yuni zuwa Satumba kafin ka yi oda mai yawa.