Hasashe, duba, da hadarin gabas: amsar tambayoyinku

Wata ɗaliba daga Zariya ta turo cewa: "Malam ina son karantar ilimin yanayi in yi aiki a NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, amma Babanmu ya ce ai wannan duba ne, gobe ta Allah ce. Wai hasashe da duba ɗaya ne?"

'Yata ki gaida Baba, gaskiyarsa gobe ta Allah ce, wannan ba mai ja. Amma kalmomin nan biyu ko unguwa ba su haɗa ba. Duba shi ne a buga ƙasa ko a watsa wuri a ce wai an leƙo gaibu. Hasashe kuwa ɗan'uwan kirdado ne da kintace, wato ka ga alama, ka gwada ta da abin da aka saba gani, ka ce mai yiwuwa kaza zai faru. Manomin da ya ji iskar bazara ta juyo daga kudu da ɗan danshi ya fita sharar gona, ai hasashe ya yi, kuma da Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta, ba boka ne ya sanar da shi ba.

Su masu hasashen yanayi abin da suke yi shi ne su yanka sararin sama gida-gida a cikin kwamfuta, kowane gida a zuba masa awon zafi da danshi da nauyin iska da inda take kaɗawa, sai kwamfuta ta yi ta lissafi tana tura lokaci gaba 'yan mintoci-mintoci har a kai gobe da jibi. Na ji wasu na kiran wannan samfurin yanayi, ni dai bai kwanta min ba, samfur ai na ɗan kasuwa ne da yake nuna wa mai saye. Kwaikwayon yanayi a kwamfuta ya fi faɗin abin da ake yi.

Ki ba Baba labarin Edward Lorenz, Ba'amurke. Lissafi ya fara karantawa, yaƙin duniya na biyu ya sa ya zama mai hasashen yanayi na sojan sama, daga nan ya ƙare rayuwar aikinsa a jami'ar MIT. A 1961 ya so maimaita wani lissafin yanayi a kwamfuta, maimakon ya buga 0.506127 sai ya taƙaita ya buga 0.506 don a ganinsa ɗan guntun da ya yar ba komai ba ne, to da lissafin ya yi nisa sai yanayin da ya fito ya rabu da na farko kwata-kwata. Abin da ya gano ya buga shi a 1963: ƙanƙanin kuskure a awon yau girma yake yi kullum, shi ya sa hasashen rana-rana ba ya wuce kamar mako biyu da ƙarfinsa. Kin ga mutumin da ya fi shahara a fannin, shahararsa ta zo ne daga nuna iyakar saninsu. Wane boka ne zai yi haka? Kuma dalilin ke nan da yanzu ake maimaita lissafin sau da yawa da ɗan bambancin farawa, in bakwai cikin goma sun nuna ruwa sai a ce yiwuwar kashi 70 cikin 100, ba a ce wallahi za a yi ba.

Wani bawan Allah daga Maraɗi kuma ya tambayi ma'anar "ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi", da dalilin da ake yawan cewa hadarin gabas.

Malam, da farko dai mu raba hadari da haɗari, don masu rubutu a waya sun cakuɗa su. Hadari da d maras lanƙwasa shi ne baƙin gajimaren da ya haɗo, haɗari mai lanƙwasa shi ne na mota Allah ya kiyaye. Karin maganar tana tsawatar wa mai gaggawa ne, wanda ya ɓata kansa don ya dogara da abin da bai zo hannu ba, kamar mai cin bashi kan albashin da aka yi masa alkawari kawai. Hadari kan haɗo baƙi ƙirin, a yi ta cida, iska ta zo ta watsa shi ko ɗigo babu.

Batun gabas kuwa kakanni sun lura daidai. Danshin daga tekun Atlantika yake zuwa ta kudu maso yamma, amma can sama akwai iskar da ke kora manyan hadarurruka daga gabas zuwa yamma, shi ya sa wanda ya taso ta wajen Damagaram in ya daɗe bai mutu ba ku ne a gabansa. Irin wannan bibiya ake yi a cibiyar AGRHYMET ta nazarin yanayi da ruwa da noma da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya gigita Sahel.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga Kano: hazo da raɓa abu ɗaya ne? A'a. Raɓa ruwa ce da ke kwanta wa ganye da asuba. Hazon hunturu ƙura ce tsagwaronta, mafi yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi iskar arewa maso gabas ke kwaso ta, ita ce ke fasa leɓe kuma in ta yi kauri ta hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano. Sakkwatawa buji suke ce mata.