Glastonbury ni kaɗai, in je ko in haƙura?

Tambaya: Salam Anti, ina karatu a Bristol, ni da ƙawata muka nemi tikitin bikin waƙoƙi na Glastonbury, ni na samu ita bata samu ba, tun lokacin jikina yayi sanyi. Kwana biyar a tanti ba wanda na sani, ni da ko gidan suna ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Dan Allah ya zanyi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki je abinki. Tikitin nan da kike gani mutane na shekara da shekaru suna nema basu samu ba, ranar da aka buɗe sayarwa kafin awa ɗaya ya ƙare, kuma hotonki ne a jiki ba dama ki miƙa wa wata, sai dai ki mayar wa masu shirya bikin kafin wa'adin da suka sa.

Mu dai mun saba duk wadda aka gani ita kaɗai a taro sai a fara "ina ƙawayenki", to can mutum wajen dubu 200 ne a gonar shanu ta Worthy Farm dake Somerset, wallahi ba wanda zai lura ke kaɗai ce, kowa ta kansa yake. Ni har gani nake mai tafiya ita kaɗai tafi morewa, domin dandalin waƙa ba ɗaya bane, suna da yawa kuma lokaci ɗaya ake yi, 'yan rukuni rabin yininsu a gardamar ina za'a je da jiran wance ta fito daga layin banɗaki yake ƙarewa. Tun 1970 ake bikin nan, Fela ya hau a 1984, Burna Boy a 2024.

Abinda zai wahalar dake ba kaɗaici bane, laka ce. Ƙarshen watan Yuni ne amma Ingila ba'a yarda da samanta, in ruwa ya sauka gonar nan kamar fadama take komawa, ki sayi takalmin roba dogo da rigar ruwa, da rigar sanyi mai kauri saboda dare. Kwalba ba'a shiga da ita, ki tafi da gorar roba akwai famfo kyauta, kuma ki saka 'yar butarki a jaka, banɗakin wajen ba sai na miki bayani ba. Sallah kuwa rana bata faɗuwa sai wajen tara da rabi, asuba kuma da wuri take, ki duba lokutan tun a gida.

Tantinki ki kafa kusa da hanya inda akwai haske da masu kula da sansanin, ki gaisa da maƙwabta tun ranar farko, wato Laraba, amma ba dole kowa ya san ke kaɗai kika zo ba. Fasfo da kuɗi ki kai wajen ajiya, kyauta ne. Giya na yawo sosai har da abinda ya fi giyar, kar ki karɓi abin sha a hannun wanda baki sani ba, naki ma kar ki ajiye ki juya baya. Ki tafi da fawa bank, sabis yana wahala in jama'a sun cika, sai ku tsayar da lokaci ke da ƙawar taki, safe da dare ki tura mata saƙo.